Tambayi Malam: Kujera da Tebur Daga Ƙarfen Gwangwan

Wasiƙun wannan wata kusan duk wuri guda suka nufa. Katako ya yi tsada, gara kuma ba ta fasa aikinta ba, shi ya sa mutane suka fara yi wa tarin ƙarafan 'yan gwangwan wani irin kallo. Na zaɓi guda shida. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, ya duba da kyau, mai yiwuwa amsarsa tana cikin ta wani.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin ofis ne, Asabar da Lahadi ba abin da nake yi sai kwanciya da danna waya. Ina ganin hotunan teburan falo da kujerun da ake haɗawa da tsofaffin ƙarafa a Facebook, abin yana burge ni. Ba sana'a nake nema ba, so nake in riƙa yi wa gidana da hannuna. Wane inji zan saya, kuma da me zan fara?
*Wani ma'aikaci, Tunfure, Gombe*

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka sayi komai tukuna. Nemi mai walda a unguwarku, dattijo in da hali, ka gaishe shi, ka faɗa masa gaskiyar abin da ke tafe da kai don ya san ba ƙwace masa masu kawo aiki ka zo yi ba. Ka riƙa zuwa ranar Asabar da tsofaffin kaya a jikinka, ka riƙe masa ƙarfe, ka yanka, ka goge, lokaci-lokaci ka saya masa fakitin tsinken walda ko man janareta. Na koyar da aikin ƙarfe a makarantar fasaha har na yi ritaya, ban taɓa ganin wanda ya iya riƙe tsinke daga kallon bidiyo ba. Tazarar da ke tsakanin bakin tsinke da ƙarfe, kunne da wuyan hannu ne ke koyonta. Idan ta yi daidai za ka ji ƙara a jere kamar ana suyar ƙosai. Ta yi nisa, sai fallatsi ko'ina. Ta yi kusa, tsinken ya maƙale.

In ka kai ga sayen inji, iri biyu za ka tarar. Akwai tsohon yayi, wanda ake naɗa wa waya a nan gida, wani ma a tsoma shi cikin mai don ya rage zafi. Yana da ƙarko, amma ga nauyi ga zuƙar wuta. Kana kunna shi ƙwan lantarkin maƙwabta zai fara lumshewa, kafin la'asar an yi maka sallama. Sai kuma ɗan ƙaramin nan na zamani, inbata, wanda ake ratayawa a kafaɗa. Shi nake ba ka shawara. Wanda aka rubuta wa amfiya (ma'aunin ƙarfin wutar da injin ke bayarwa) 160 zuwa 200 ya ishe ka har da saura, don aikin kujera da tebur da wuya ya kai ka 120. Tsinke kuwa ka nemi mai lamba E6013, geji 12, wato kaurin milimita 2.5, ka sa injin tsakanin 60 da 90. Geji 10, mai milimita 3.2, na ƙarfe mai kauri ne, yana son 90 zuwa 130, kuma idan ka ɗora shi a kan siririn fayif huda shi kawai zai yi. Ka ajiye tsinkenka inda danshi ba ya kaiwa, musamman da damina.

Kada ka jawo wuta da siririyar wayar da ake kunna fanka, za ta yi zafi ta narke. Ka sa mai gyaran wuta ya ba ka soket irin na na'urar sanyaya ɗaki. Ƙaramin janaretan kallon talabijin ba zai ɗauka ba, sai mai ƙarfin kVA 5 ko sama.

Sauran kayan su ne giranda mai faifan inci huɗu da rabi, tef ɗin awo, sukwaya ta daidaita kusurwa, abin matse ƙarfe guda biyu, guduma, burushin waya, hular walda, farin tabarau na giranda, da safar hannu ta fata. Za ka ga masu walda da yawa sun cire murfin girandarsu. Kada ka koyi wannan. Faifan yana juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya, ranar da ya fashe murfin nan ne kaɗai tsakaninsa da fuskarka.

Aikin farko ka yi bencin ƙofar gida ko ɗan teburin shayi. Kujera mai jingina ta jira, ita tana da karkata, kuma karkata sai hannu ya zauna. Tsayin mazauni daga ƙasa santimita 45 ne, teburin tsakar falo 40 zuwa 45, na cin abinci ko na karatu 75. Ka yanka ƙafafu huɗun a tare, ka jera su ka tabbatar babu wadda ta fi wata ko da ƙwayar gero ne. Ka goge duk inda za a haɗa har ƙarfen ya yi fari, don walda ba ta kama tsatsa da fenti. Sannan ka ɗiɗɗiga, ɗigo ɗaya ko biyu a kowace kusurwa, kada ka yi ɗinki. Ɗauko tef ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, ka sake auna ɗaya gicciyen. Idan awo biyun sun zo ɗaya, firam ɗinka ya miƙe. Idan sun saɓa, guduma za ta gyara, tunda ɗigo ne kawai ke riƙe da shi. Bayan nan ne za ka ɗinke, kuma ba ka gama kusurwa ɗaya ka wuce ta kusa da ita ba: yi nan kaɗan, tsallaka can, ka dawo. Ƙarfe yana janyewa wajen da aka ɗinka idan ya huce, shi ne dalilin da kake ganin sabon tebur yana ɗingishi a kan tayil. A aikin benci guda, waldar kanta ba za ta ci maka rabin sa'a ba. Yinin duka a awo da yanka da guga zai tafi, kuma a nan ake gane wanda zai daɗe a wannan harka.

Tambaya: Malam, na je wajen 'yan gwangwan na ga ƙarafa tuli, na rasa wanda zan ɗauka. Ta yaya ake gane mai kyau?
*Ɗalibi, Yalwa, Bauchi*

Amsa: Ɗana, ka tafi da abu uku a aljihu: maganaɗisu (na tsohuwar lasifika ya isa), ƙaramar guduma, da tef. Abin da maganaɗisu bai kama ba, alminiyom ne ko tagulla ko wani irin farin ƙarfen da ba ya tsatsa, injinka da tsinkenka ba nasu ba ne. Abin da ya kama, ƙwanƙwasa shi. Tsatsar sama ba komai ba ce, giranda za ta share ta. Wadda ke zubowa ɓawo-ɓawo, ko fayif ɗin da ya loɓa da bugu ɗaya, ka bar musu. Fayif daga ciki yake ruɓewa, ka leƙa bakinsa.

Abin da ya fi dacewa da kayan ɗaki shi ne angil (dogon ƙarfen nan mai siffar L), da fayif mai kusurwa huɗu wanda kaurinsa ya kai milimita ɗaya da rabi, da tsofaffin gadajen ƙarfe, da ragowar tagogi da ƙofofin gidajen da aka rushe. Rodin gini mai milimita 12 yana kyau a matakalar ajiye takalma ko mazaunin randa, amma wani rodin yana da tauri, yakan karye daf da ɗinki, kada ka ɗora masa nauyin mutum shi kaɗai. Sifirin ɗin mota kuwa na maƙera ne, su yi fartanya da adda. In ka yi masa walda da tsinke na gama-gari zai tsage. Ka kuma gwada ƙarfe da giranda: tartsatsi dogo, rawaya, mai ƙarancin rassa, ƙarfe mai laushi ne, shi kake nema. Mai fashewa da rassa barkatai mai tauri ne. Gajere ja-ja kuma ƙarfen zubi ne.

Amma akwai abin da ya fi wannan duka. Kowane ƙarfe a wurin nan daga wani wuri ya fito, kuma ba kowane ne mai shi ya sallama ba. Layin dogon da ya taso daga Kuru kusa da Jos, ya ratsa Bauchi da Gombe ya kai Maiduguri a 1964, har gobe dukiyar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ce, ko jirgi yana bi ko ba ya bi. Guntun dogo, da ƙusoshinsa, da murfin kwalbati, da ƙarfen gefen gada, da turken fitilar titi, da ƙafafun kujerun makaranta, duk wanda aka kama da su ba a tambayarsa ko tebur ya yi niyyar yi. Ka sayi kaya a wurin mai rumfa da aka sani, a auna maka a sikeli, ya rubuta maka 'yar takarda.

Sannan mu da ke maƙwabtaka da Borno da Yobe muna da wata damuwar ta daban. Gwamna Babagana Zulum ya haramta tsintar ƙarafa a Borno a 2023, bayan kashe-kashen da aka yi wa masu shiga daji nemansu. Ƙarfen da ya fito daga inda aka yi yaƙi yakan zo da abin da bai tashi ba. Ka ga wani abu rufaffe, mai siffar kwalba ko mai fikafikai a gindi, mai nauyin da ya fi girmansa, kada ka ƙwanƙwasa, kada ka ɗaga. Ka matsa, a sanar da jami'an tsaro.

Kuma kada ka ɗauka ƙarfen gwangwan kyauta ne. Da kilo ake sayarwa, akwai masu lodin tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe a kudu da ke jiransa. Idan ka lissafa faifan girandar da tsatsa za ta cinye, wani lokacin sabon fayif ɗin bai fi shi tsada sosai ba. Ni dai abin da ke kai ni shi ne ƙarfen da ya fi na yanzu kauri.

Tambaya: Malam, ina da ƙafar keken ɗinkin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ina so a mayar da ita teburin madubi. Gefe ɗaya ya tsage, na kai an yi walda, ba a yi wata ba ya sake tsagewa kusa da wurin. Mai waldar ne bai iya ba?
*Wata uwa, Azare*

Amsa: Amin, Hajiya, Allah ya kai haske kabarinta. Kada ki yi saurin ganin laifinsa, ƙarfen ne mai wuyar sha'ani. Ƙafar keken ɗinki irin ta da ƙarfen zubi ce, narka ta aka yi aka zuba a mazubi mai siffarta. Sinadarin gawayin da ke cikinta ya haura kashi 2 cikin ɗari, na angil da fayif kuwa bai kai rabin kashi ɗaya ba. Shi ya sa ba ta lanƙwasa, sai dai ta karye. Idan aka zafafa wuri ɗaya da tsinke na gama-gari ya huce da sauri, gefen ɗinkin sai ya yi tauri ya tsage, daidai abin da kika gani.

Ana iya yi, amma da tsinke na musamman mai nikel, wanda ya fi na gama-gari tsada nesa ba kusa ba. A huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a ɗumama ƙarfen, a yi ɗinki gajere-gajere ana bubbuga shi da guduma a hankali, sannan a binne wurin cikin busasshen yashi ko toka ya huce da kansa. Masu waldar gas ma suna like shi da tagulla. Da tawa ce, tunda abin gado ne kuma ba a samun madadinsa, ba zan sake kai mata wuta ba. A yanko ɗan ƙarfe mai faɗi, a ɗora ta ciki inda ido ba ya gani, a huda a ɗaure da noti biyu kowane gefe. Saman ma da noti za a kama katakon, ramukan da aka ɗaure teburin keken na asali suna nan.

Tambaya: Malam, ina da duro biyu da tsohuwar tukunyar gas. Na ga ana yanka duro a yi kujerar zama a tsakar gida. Duron ya fi shekara babu komai a ciki.
*Mai shagon kayan masarufi, Kumo*

Amsa: Alhaji, babu komai a ciki a ganinka. Ba ruwan fetur ne ke fashewa ba, tururinsa ne idan ya gauraya da iska, kuma duron da ya rage rabi ma bai kai wanda ake cewa ya ƙare haɗari ba. Abin da ya maƙale a lungun gindi da cikin tsatsa ya isa. Ɗauraya da ruwa ba ta fitar da shi, shekara ma ba ta fitar da shi matuƙar bakin a rufe yake. Tartsatsin giranda ɗaya ya wadatar. Tukunyar gas kuwa ba na ma son mu tsawaita: kada ka yanka, kada ka huda, kada ka bari yaro ya yi. Tankin mota da na babur duk hukuncinsu ɗaya. Wanda aka zuba maganin ƙwari ko na ciyawa, shi guba ce matsalarsa.

Idan kujerar duro kake so, sayi wanda ka san abin da ya ɗauka, mai buɗaɗɗen baki gaba ɗaya, ka wanke da omo ka bar shi a rana. Jikinsa wajen milimita ɗaya ne, walda huda shi take yi, gara ka yi firam na angil ka kama shi da noti. Bakin da aka yanka kaifi gare shi, a naɗe shi ko a tsaga tsohon tiyo a rufe. Ka kuma tuna da ranar Maris da Afrilu a ƙasar Gombe: mazaunin ƙarfe zalla a tsakar gida ba mai iya zama a kansa da azahar. Sa katako.

Tambaya: Malam, maigidana ya fara wannan walda a gida. Ran nan cikin dare ya tashi idonsa ja, yana hawaye, ya ce kamar an zuba masa yashi. Wani karon kuma zazzaɓi da ciwon kai ya kwana da su bayan ya yi aiki da tsofaffin fayif ɗin ruwa. Abokansa sun ce ya riƙa shan madara. Da baƙin tabarau yake aikin.
*Uwargida, Jekadafari, Gombe*

Amsa: 'Yata, kin kyauta da kika rubuto, ki ba shi wannan shafin ya karanta. Abu biyu ne daban.

Na ido, hasken walda ne ya ƙona fatar ƙwayar idon. Ba a ji nan take, sai bayan sa'a 6 zuwa 12, shi ya sa yake tashin mutum da tsakar dare. Yawanci yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu. Ya zauna a ɗaki mai duhu, a ɗora tsumma mai sanyi a kan idon a rufe, ya sha farasitamol, kada ya murza. Kada a ɗiga ruwan gishiri, ko na sukari, ko nono, ko wani maganin ɗigawa da ba likita ya rubuta ba. Idan ya wuce yini guda bai lafa ba, ko ganinsa ya ragu, ko ido ɗaya ne kawai ke ciwo bayan ya yi aiki da giranda, ku tafi sashen ido na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ko asibiti mafi kusa, don mai yiwuwa ɓarɓashin ƙarfe ne ya shiga. Baƙin tabarau na kasuwa ba kariya ba ne. Hular walda ake so mai gilashi lamba 10 ko 11, wadda ke rufe fuska duka. Na san za a ce masu walda na bakin titi da tabarau suke yi. Haka ne, ki tambaye su yadda suke kwana.

Zazzaɓin kuma daga tutiya ne, farin rufin da ake yi wa fayif ɗin ruwa da kwanon rufi don kada su yi tsatsa. Wuta na taɓa ta sai ta tashi da farin hayaƙi, wanda ya shaƙa ya kwana da sanyi da ciwon jiki kamar mai maleriya. Yakan sake shi cikin kwana biyu, amma idan numfashi ya yi wuya asibiti za a je. Madara abinci ce mai kyau, sai dai ciki take tafiya, hayaƙin kuwa huhu. Ya goge tutiyar da giranda kamar faɗin yatsa biyu daga inda zai ɗinka, ya yi aiki a fili, iska tana kaɗa hayaƙin gaba ba fuskarsa ba. Tsohon fenti ma a kankare shi, wani yana da dalma. Hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar a 2017, saboda haka ko ƙarfen ba tutiya, ba a yi a ɗaki rufe.

Ke kuma ga naki aikin. Yara suna son kallon hasken nan, kuma yana ƙona idon mai kallo kamar yadda yake ƙona na mai yi. A kare wurin da tsohon kwano. Kada a kare da zana ko buhu, wuta za su kama. A kawar da jarkar fetur, a ajiye bokitin yashi. Kada ya yi aiki da rigar ƙwallo ko wata mai roba, narkewa take ta manne a fata, kuma kada ya yi da doguwar riga mai faɗin hannu ko silifas. Wandon jins, riga mai kauri ta auduga, takalmi sau-ciki, a kan busasshiyar ƙasa.

Tambaya: Na yi wa bencina fenti, damina ɗaya tsatsa ta ɓullo ta ƙasa.
*Malamin makaranta, Bajoga*

Amsa: Malam, a kan tsatsa ka shafa, ko ka tsallake fentin ƙasa. Kankare shi duka. Ka fasa ɓawon da ke kan kowane ɗinki da guduma, ka bi da burushin waya da samfefa, ka goge da tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, a tsumma don maiƙo ya fita. A ranar, kafin ya kwana, ka shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, ka bar shi ya bushe sosai, sannan fentin mai shafi biyu marasa kauri, kwana guda tsakaninsu. Da hunturu ka yi a inda ƙura ba ta kaiwa, in ba haka ba za ta manne ya yi kaushi. Ƙafafun fayif kuma ta ciki suke shan ruwa: ka toshe saman, ka sa musu takalmin roba a ƙasa, bencin da zai kwana a waje kuma ka huda ɗan rami kusa da gindin kowace ƙafa don ruwan da ya shiga ya sami hanyar fita.